Gidan Dutse na Kelmscott: Tsarin Gininsa da Dalilin Daɗewarsa



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani tsohon gida na dutse da ke cikin wani ɗan ƙauye a ƙasar Ingila. Sunan ƙauyen Kelmscott, gidan kuwa da sunan ƙauyen ake kiransa. Ba fadar sarki ba ce, ba kuma wani mashahurin mai zanen gini ne ya tsara shi ba. Wani manomi ne mai abin hannunsa ya sa maginan yankinsu suka gina masa fiye da shekara 400 da suka wuce. Ga shi har yau yana tsaye da rufinsa, gwamnatin ƙasar kuma ta sa shi a daraja ta ɗaya cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a taɓa su sai da izini.

Tambayar da nake so mu bi ita ce: me ya riƙe wannan gida duk tsawon wannan lokaci? Amsar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce dutse. Amma Ingila cike take da kufan gidajen dutse waɗanda suka fi wannan girma da kaurin bango, sun zube, ciyawa ta rufe su. Ni a ganina abu uku ne suka haɗu. Na farko, maginan da suka yi shi sun san abokin gābarsu, watau ruwan sama, kowane sashe na ginin kuma amsa ce suka ba shi. Na biyu, waɗanda suka gaji gidan sun riƙa yi masa gyara kaɗan kaɗan da irin kayan da aka gina shi da su tun farko. Na uku, doka ta zo daga baya ta tsaya masa. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan daga ƙarshe in faɗi abin da ya sa malamin Hausa ya ga maganar ta shafe shi.

Ƙauyen da Masu Gidan

Kelmscott tana yammacin lardin Okusfod, a bakin kogin Tems, can sama inda kogin bai yi faɗi ba tukuna, kamar mil 2 daga garin Lechlade. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da makiyaya, kogin kuma yakan cika ya malala cikin gonaki idan ruwa ya yi yawa. Daga arewa kaɗan ƙasa ta fara tashi ta zama tuddan da ake kira Cotswold, waɗanda suka yi suna a tarihi da tumaki da cinikin ulu, da kuma wani irin dutse mai launin zuma.

Masana sun sa ginin gidan tsakanin 1570 da 1600. Wanda ya sa aka gina shi sunansa Thomas Turner, manomi ne mai gonar kansa. Wajen shekarun 1660, da arzikin zuriyar ya ƙaru, sai wani Thomas Turner ɗin, daga cikin zuriyar na farko, ya ƙara wani sashe mai tsawo a kusurwar arewa maso gabas. Tun daga nan siffar gidan ba ta sake wani babban canji ba. Da can ma ana kiransa Gonar Ƙasa ne kawai, don a bambanta shi da sauran gonakin ƙauyen, sai a 1864 wani James Turner ya sayi haƙƙin ubangidancin ƙasar ƙauyen, gidan ya sami sunan girma da ake kiransa da shi yanzu.

Akwai abin lura a nan. Bayan rasuwar George Turner a 1734, gidan ya daɗe a hannun 'yan haya. Masu shi ba sa ciki, balle su ce za su rushe su yi sabo irin na yayi. 'Yan haya kuwa ba su da ikon yin haka. Saboda haka zamanin da masu kuɗin Ingila suka yi ta sāke fuskar gidajensu ya zo ya wuce bai taɓa shi ba. Wani lokaci rashin kuɗi da rashin iko su ne ke ceton tsohon gini daga hannun masu shi.

Dutsen

Dutsen Cotswold dangin wanda ake haƙa ne a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka don yin siminti, watau dutsen farar ƙasa. Masana ilmin ƙasa sun ce ya taru ne a ƙarƙashin wani teku marar zurfi mai ɗumi fiye da shekara miliyan 160 da suka shige. Idan mutum ya duba shi kusa zai ga 'yan ƙwayoyi ne ƙanana masu kama da ƙwan kifi suka manne da juna. Wannan siffa tasa ta ba shi hali biyu da magini ke bukatar ya sani.

Hali na farko, lokacin da aka haƙo shi yana da laushi domin akwai danshin ƙasa a jikinsa, ana iya yanka shi da zarto, a sassaƙa shi yadda ake so. Idan ya sha iska ya bushe sai fatarsa ta yi tauri. Don haka masassaƙa sukan yi aikinsu tun yana ɗanye. Hali na biyu, dutse ne mai shan ruwa, kamar tukunyar ƙasa. Yana sha, yana kuma fitarwa idan iska ta buga shi. Muddin an bar masa hanyar fitar da abin da ya sha, babu abin da zai same shi. Amma idan ruwa ya maƙale a cikinsa, sanyin hunturu ya zo ya daskarar da ruwan, to ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri, sai ta tsaga dutsen daga ciki ya riƙa ɓarewa. Duk wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe mabuɗin sauran abin da zan faɗa.

Bango da Tagogi

Bangon gidan ba da sassaƙaƙƙen dutse mai santsi aka yi shi ba, wannan na masu sarauta ne da manyan majami'u. An yi shi da gutsattsarin dutse ne da aka ɗan daidaita da guduma, aka jera shi sahu-sahu. Yadda ake irin wannan bango a yankin shi ne a tayar da fuska biyu, ta waje da ta ciki, a cike tsakaninsu da ƙananan duwatsu da kwaɓi, a riƙa sa wani dogon dutse jefi-jefi wanda ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan don ya ɗaure su. Kaurinsa yakan kai ƙafa 2. Sassaƙaƙƙen dutse mai tsada ana ajiye shi ne don wuraren da ke bukatarsa: kusurwoyi, da bakin ƙofa, da tagogi.

Abin da ke haɗa duwatsun shi ne kwaɓin farar ƙasa. Ana ƙona dutsen a cikin matoya mai zafi ƙwarai, a zuba masa ruwa ya tafasa ya narke, a gauraya da yashi. Wannan kwaɓi yana bushewa a hankali, kuma ko ya bushe bai kai dutsen tauri ba. Wani zai ɗauka aibi ne, alhali kuwa da gangan ne. Idan ƙasa ta motsa, kwaɓin ne ke ba da kai, dutsen ya tsira. Idan bango ya sha ruwa, ta cikin kwaɓin yake fitar da gumi. Bayan shekaru masu yawa kwaɓin ya zaizaye, sai a kankare na bakin a cusa sabo, aikin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Watau an sa mai araha ya mutu a madadin mai tsada. A kan fuskar bangon kuma an shafa wani siririn yaɓe na farar ƙasa, wanda shi ma aikinsa ke nan.

Tagogin faɗi gare su fiye da tsawo, an raba kowace da 'yan ginshiƙan dutse gida biyu ko uku ko huɗu. Dalili shi ne dutse ba ya jure a shimfiɗa shi a kan fili mai faɗi babu abin tallafi, karyewa yake yi, don haka ginshiƙan ne ke ɗauke da nauyin abin da ke sama. Gilashi kuma a wancan zamani abu ne mai tsada, ba a iya yin babba, sai ƙanana da ake harhaɗawa da zaren dalma. A saman taga akwai wani ɗan dutse da ya turo waje ya lanƙwasa ta gefe biyu, wanda zan kira girar taga, domin aikinsa ɗaya da na girar mutum: ruwan da ya gangaro daga bango ya same ta sai ya ɗiga ƙasa, bai shiga idon tagar ba. Baƙo zai ce ado ne. Ado ne kam, amma aiki ne ya haife shi.

A sabon sashen na shekarun 1660 ne ake ganin yayin birni ya fara shigowa ƙauye. Ɗakunan sun fi tsawo, tagogin sun fi girma, a saman waɗansunsu kuma an ɗora 'yar kwalliya mai kusurwa uku irin ta ginin Rumawa, wadda magina suka koyo daga manyan gidaje. Duk da haka dutsen ɗaya ne, hannun ma kusan ɗaya ne, shi ya sa tsohon sashe da sabo suka zauna tare kamar wa da ƙane.

Rufi

A rufi ne gwanintar mutanen nan ta fi fitowa, a nan kuma zan ɗan daɗe. Da dutse aka rufe gidan, watau fallayen dutse masu kaurin yatsa ko fiye. Akwai irin dutsen da ke fitowa daga ƙasa a tsattsage, akwai kuma wanda sai an yi masa dabara. A ƙauyen Stonesfield, cikin wannan lardi na Okusfod, dabarar ita ce a haƙo dutsen daga rami kafin hunturu, a baza shi a fili, a yi ta zuba masa ruwa kada ya bushe, a jira daren da sanyi zai tsananta. Ƙanƙara ita ce ke tsaga shi falle-falle. Ashe abin da ke kashe bango shi ne ke haifar da rufi. Wannan sana'a ta Stonesfield ta mutu a farkon ƙarni na 20.

Kowane falle ana huda shi a ka, a sa masa turken itace, a rataye shi a kan sandunan da aka gicciya bisa katakan rufi. Wanda ya taɓa ganin ana baibayar ɗaki zai gane tsarin nan da nan: daga ƙasa ake farawa, kowane sahu ya hau kan na ƙarƙashinsa ya rufe masa kai, kamar yadda shuci ke hawa kan shuci a jikin tsaiko. Sai dai fallayen ba girmansu ɗaya ba, domin yadda Allah ya sa dutsen ya tsage haka ake karɓarsa. Saboda haka mai rufi yakan ware su bisa ga tsawonsu da wani ɗan sanda mai tsage-tsage. Manya, masu kusan ƙafa 2, su ne a sahun ƙasa, inda ruwan rufin duka ke taruwa, inda kuma bango ke kusa ya ɗauki nauyinsu. Daga nan suna ta raguwa sahu bayan sahu har a kai ƙololuwa, inda 'yan ƙanana ne kamar tafin hannu. Ta haka ba a zubar da kome, babba da ƙarami kowa ya sami mazauni. Kowane tsawo kuma yana da sunansa a bakin masu sana'ar. Akwai wanda suke kira dogon tuzuru, akwai gajeren tuzuru. Ku riƙe wannan magana ta sunaye, za mu komo kanta.

Fallayen dutse ba sa kwanciya lif a kan juna kamar kwano, akwai 'yan kafofi a tsakaninsu, iska kuma tana iya tura ruwa ya hau ta ciki. Maganin wannan shi ne a yi rufin da gangare sosai, ruwa ya sauka da gudu kafin ya sami damar tsayawa. Wannan gangare shi ya kawo siffar da aka fi sanin gidan da ita, watau bangayen nan masu tsini da ke tashi sama kamar kusurwa uku, waɗanda zan kira goshin gini. Da yake rufi mai gangare yana cinye sararin bene, sai magina suka riƙa ɗaga bango a yi goshi, a huda taga a jikinsa, ɗakin sama ya sami haske da wurin miƙewa. Gidan Kelmscott goshi ne a kan goshi ta kowace fuska. Amma duk inda rufi biyu suka haɗu akwai kwari, duk kwari kuwa matattarar ruwa ce, a nan ne kuma yoyo ke farawa. Don haka a gidajen wannan yanki akan jera fallaye a lanƙwasa su cikin kwarin da ƙwarewa, a kuma fitar da ruwan nesa da gindin bango. Aikin da indararo ke yi a soron Bahaushe ke nan.

Sauran abu ɗaya shi ne nauyi. Rufin dutse mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 10 yana kusan tan 1. Wanda ya hau can ƙarƙashin rufin gidan zai ga manyan katakai da aka sassaƙa da hannu suna ɗauke da wannan kaya. Idan falle ɗaya ya zame ba a mai da shi ba, ruwa ya sami katako, katako ya ruɓe, rufi ya lotsa ya tura bango waje. Gidan dutse daga sama yake mutuwa, ba daga ƙasa ba.

Cikin Gida da Kewayensa

Tsarin ciki na tsohon sashen irin na gidajen manoman wancan zamani ne. Ƙofar shiga tana buɗewa cikin wani siririn lungu da ya raba gidan, babban ɗakin zama da cin abinci a gefe, madafa da ɗakunan aiki a nasu ɓangaren. A sabon sashen akwai ɗakin baƙi da aka lulluɓe bangonsa da katako, a samansa kuma akwai ɗakin da aka rataye wa manyan saƙaƙƙun kyallaye na ƙarni na 17 masu ɗauke da hoton labarin Samson na cikin Baibul. Katakon da kyallayen duka maganin sanyin bangon dutse ne. A waje akwai rumbuna da ɗakin tantabaru, duk na dutse. A cikin ƙauyen ma har shingen gona akan yi shi da manyan allunan dutse da aka kafa a tsaye aka ɗaure da ƙarfe.

William Morris da Rigimar Gyara

A 1871 wani mutumin Landan mai suna William Morris, mawaƙi kuma mai zanen kayan ado na ɗaki, ya kama hayar gidan tare da abokinsa mai zane Dante Gabriel Rossetti. Rossetti ya bar wurin a 1874, Morris kuwa ya riƙe shi har rasuwarsa a 1896, kabarinsa ma yana farfajiyar majami'ar ƙauyen. Tsuntsaye da itatuwan lambun gidan sun shiga zane-zanensa, hoton fuskar gidan kuma shi ne a farkon littafinsa News from Nowhere, bugun 1892. Amma abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne abin da bai yi wa gidan ba. Yana da kuɗi, yana da sanin gini, bai rushe kome ba, bai ƙara kome na a-zo-a-gani ba.

A zamaninsa akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a Ingila. Masu zanen gini sukan kama tsohuwar majami'a su kankare yaɓenta, su cire duk abin da aka ƙara mata cikin ƙarnuka, su sāke gina ta yadda suke zaton take tun asali. Suna kiran wannan mai da gini yadda yake. Morris ya ce wannan ƙarya ce ake ginawa da dutse, domin abin da ke fitowa sabon gini ne da ya ari rigar tsoho, hannun maginan farko kuwa an shafe shi har abada. Da ya ji za a yi wa babbar majami'ar Tewkesbury irin wannan aiki a ƙarƙashin George Gilbert Scott, sai ya rubuta wa jarida, a 1877 kuma shi da abokinsa Philip Webb da waɗansu suka kafa Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-gine, wadda har yau tana aiki. Koyarwarta a taƙaice ita ce: a tsare gini da kulawa ta yau da kullum, a toshe yoyo tun yana ƙarami, a tallafi bangon da ya karkata, abin da aka ƙara sabo kuma kada a ɓad da shi ya yi kama da tsoho. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan: rigakafi ya fi magani.

Wannan koyarwa ta sami ƙarin hujja da siminti ya yaɗu. An yi rajistar simintin zamani a Ingila a 1824, a ƙarni na 20 kuma ya kori farar ƙasa daga hannun magina. Aka yi ta cusa shi tsakanin duwatsun tsofaffin gidaje ana ganin an ƙarfafa su. Da yake ya fi dutsen tauri, kuma ba ya barin gumi ya fita, sai ruwa ya koma yana fita ta jikin dutsen, ƙanƙara tana ɓare shi, har a wayi gari simintin yana nan a tsaye, dutsen da aka ce ya tsare ya zaizaye. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin gine-gine suka koma ga farar ƙasa.

Matar Morris, Jane, ta sayi gidan a 1913. 'Yarsu May ta rasu a 1938 ta bar wa Jami'ar Okusfod wasiyyarsa, amma da sharuɗɗa masu wuyar cikawa. A 1962 kotu ta warware wasiyyar, gidan ya koma hannun Ƙungiyar Masana Kayan Tarihi ta Landan. A lokacin ya lalace ƙwarai, danshi da ƙwari sun ci katakansa, sai da aka yi masa babban gyara a cikin shekarun 1960. An sāke wani gyaran na kusan fam miliyan 6, aka buɗe shi ga masu ziyara a 2022. Ku lura, gidan da ya yi shekara 300 lafiya a hannun manoma da 'yan haya, 'yan shekarun da aka yi masa riƙon sakainar kashi sun kusa kai shi ƙasa.

Doka

Yanzu ga abin da ya fi shafar 'yan'uwanmu ma'aikata. Tsarin jera gine-gine a Ingila ya samo asali ne daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da bama-bamai suka rushe garuruwa, aka ga ya kamata a san abin da ya cancanci a ceta. Dokokin tsara birni da ƙauye na 1944 da 1947 suka ɗora wa gwamnati nauyin rubuta jerin, dokar 1990 kuma ita ce ta tattara hukunce-hukuncen. Hukumar Historic England ce ke bincike ta ba da shawara, minista ya sa hannu. Abin da ke cikin jerin ya kusa 400,000. An kasa su daraja uku. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna daraja ta ƙasa, waɗanda ke daraja ta ɗaya kuwa, inda Kelmscott yake, ba su wuce kashi 2 da rabi ba. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700 wanda bai sāke kama ba yana shiga, wanda bai kai shekara 30 ba kuwa da wuya a duba shi.

Sa gida cikin jerin bai raba shi da mai shi ba. Yana iya zama a ciki, ya sayar, ya bar wa magada. Abin da aka hana shi shi ne ya rushe, ko ya canza wani abu da ya shafi asalin ginin, ciki ko waje, sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma. Wanda ya yi ba izini ya yi laifi, ana iya gurfanar da shi a kuma tilasta masa ya mai da abin da ya cire. Idan ya yi sakaci har gini ya kama hanyar zubewa, hukuma tana iya aika masa takardar umurnin gyara, in ya ƙi ta karɓe gidan ta biya shi. Amma kuɗin gyara na yau da kullum a wuyan mai gida yake. Doka tana iya riƙe hannun mai rushewa, ba ta iya hawa tsani ta mai da fallen da ya zame. Wannan sai magini, magini kuwa sai in an koya masa.

Abin da Ya Shafe Mu

Mu ma muna da doka. An yi ta kayan tarihi a 1953, a 1979 kuma aka kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Ganuwar Kano da Gidan Makama da hasumiyar Gobarau ta Katsina duk suna cikin jerinmu. Muna ma da gidan dutse a ƙauye: fadar Hidi da ke kan tsaunin Sukur a jihar Adamawa, wadda aka jera duwatsunta ba kwaɓi, kuma Sukur ce wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Amma kowa a nan ya ga abin da ya rage na ganuwar Kano, ya san rubuta suna a takarda bai hana badala zama kududdufi ko filin gini ba.

Ginin Bahaushe na ƙasa ne, bukatarsa ga kulawa ta fi ta dutse, amma ƙa'idar ɗaya ce. Maginanmu sun san ruwa kamar yadda na Cotswold suka san shi. Sun yi bango mai faɗin gindi, sun fitar da indararo, sun shafa makuba ta ɓawon ɗorawa, sun haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Bayan kowace damina kuma ana yaɓe. Ashe abin da Morris ya kafa wa ƙungiya a 1877 kakanninmu a al'ada suka same shi. Da muka bar yaɓe muka shafa wa bangon ƙasa siminti, sai muka faɗa ramin da Turawa suka faɗa: danshi ya maƙale a baya, ƙasa ta rabu da ɓawonta, wata rana fatar ta faɗo gaba ɗaya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, an rushe waɗansu sassansa a shekarun 1970 aka kewaye sauran da sabon gini. Mai son ganin siffarsa ta da sai ya je Jos ya ga kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-gine.

A nan ne maganar ta zo ƙofar malamin Hausa. Da sana'ar Stonesfield ta mutu, sunayen fallaye sun koma littafi. Mu kuma ina tambayar ɗalibai: mutum nawa ne a cikinku zai iya bambanta ɗaurin guga da bakan gizo, ya faɗi daga wace itaciya ake samun azara, ko ya nuna zanko ya ce ga amfaninsa? Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da yadda ake yin wani abu. Idan kalmar ta ɓace daga baki, aikin ya ɓace daga hannu, gini kuma ba shi da mai gyara shi ko da doka ta sa shi a daraja ta ɗaya.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Ga ɗalibai, masu neman abin da za su rubuta kundi a kansa, ku je wurin Sarkin Magina na garinku da dattawan sana'ar tun suna da rai, ku rubuta kalmominsu da yadda suke aiki da su, ku auna gidajen, ku zana su. Ga ma'aikata, waɗanda takardun gine-ginen hukuma ke bi ta teburinsu, ku tuna ɗan kuɗin gyara da ake warewa kowace shekara ya fi amfani bisa ga babbar kwangilar da ake bayarwa bayan rufi ya rufta, kuma kafin ku sa hannu a rushe tsohon soro ku tambaya ko akwai mai iya gina irinsa. Gidan Kelmscott bai fi gidajenmu daraja ba. Ya sami masu mai da fallensa ne duk lokacin da ya zame.